Koriyar Riga a Igiyar Dargazu

A shekarar da Gulbin Kada ya yi cikar da har ya lashi gindin ganuwa, jakadan Sarkin Dargazu ya iso Birnin Kwargaba da igiya a kafaɗa. Zuwan igiya ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin kakan Sarki Mazadu, kowace damina Dargazu kan aiko da doguwar igiya ba kowa a cikinta, Kwargaba ta mayar mata da ita cike da wuyan mutane, a kira abin gaisuwa, a zauna lafiya. Abin da ya sa fada ta yi tsit ran nan shi ne igiyar bana gajera ce. Wuya ɗaya za ta ci.

Jakada Gwadabe ya jefa ta gaban karaga, ko takalmi bai tuɓe ba.

"Ubangijina Sarkin Dargazu yana gaishe ka, Sarkin Kwargaba," in ji shi. "Ya ce akwai wani Banasare baƙar fata a garinka, ana ce masa Barnaba. Wannan mutum ya sauka a zangonmu, ya ci abincinmu, da rana tsaka fatake suna barcin gajiya ya bi ayarin bayi ya kwance su kaf, suka shige daji. Ubangijina ya ce a sa masa wuyan mutumin nan a igiyar nan, ya yafe muku gaisuwar bana. In kuwa ta koma yadda ta zo, rundunarmu tana hayin gulbi, kuma da doguwar ta taho."

Sarkin Bindiga Dangana yana tsaye bayan karaga, inda ya saba tsayawa. Bawan Sarki ne, amma bawan da hakimai ke sauka daga doki su gaisar. Duk bindigar da ke Kwargaba a hannunsa take, kuma ba a taɓa ganin ƙeyarsa a fagen fama ba. Da ya dubi igiyar nan sai ya ji kamar a wuyansa aka zarga ta, domin Barnaba ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Suna yara a wani ƙauyen Maguzawa a gindin dutse, shi ana ce masa Nomau, ƙanen nasa kuwa Ranau, mahara suka faɗa musu ana tsakiyar girbi. A kasuwa aka raba su. Nomau ya faɗo hannun fada, aka sa masa suna Dangana, ya musulunta, ya koyi salla, ya koyi harbi, ya yi ta hawa har ya kai inda ya kai. Ranau kuwa aka yi kudu da shi, daga wannan hannu zuwa wancan, har bakin teku. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a farkon daminar nan, da wani mutum mai furfura a gemu ya sauko daga kwalekwale a mashigi, da ɗan gicciyen itace a wuya, yana tambayar masu jirgi ko akwai wanda ya taɓa jin sunan Nomau. Dangana yana wurin. Ya dubi tsagar fuskar mutumin, irin tasa sak, ya tuɓe rigarsa nan take ya zura masa.

Ba don sanyi ya yi haka ba. A Kwargaba akwai wata al'ada da ta girmi ganuwar garin. Idan ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya tuɓe rigarsa ya sa wa baƙo a gaban mutane, baƙon ya zama baƙon riga. Ba a kama shi, ba a sayar da shi, ba a miƙa shi ga maƙiyi. Duk hannun da ya cire masa rigar nan kuwa, mutanen garin sun yi imani kuturta za ta cinye shi har gwiwar hannu.

Sarki Mazadu ya sa aka fita da jakada zaure na waje, aka kirawo Barnaba, aka rufe ƙofa. Galadima Tunau ne ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa. Ya daɗe yana jin zafin yadda bawa ya fi shi kusa da kunnen Sarki.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Yau da asuba masu tsaron ƙofa sun tarar da kada ya fito daga ruwa ya kwanta a bakin ƙofar gulbi, bakinsa a buɗe. Gulbi yana neman abinci, Zaki, ko mu ba shi kaɗan ko ya ci da yawa. Kowace shekara sai mun fita hari, mun binne samarinmu, kafin igiya ta cika. Bana Allah ya kawo mana sauƙi har gida. Wuya ɗaya ake nema, shi ma wuyan wanda ba ya fuskantar alƙibla. Mutanen da ya bi addininsu, ba su ne ke cika jirage da 'ya'yan mutane a bakin teku ba? Don me za mu ƙone garinmu saboda ɗayansu?"

Fadawa suka yi guna-guni, da yawa suna gyaɗa kai.

"Baƙon riga ne, ranka ya daɗe," in ji Dangana daga bayan karaga. "Ga rigar a jikinsa."

Galadima ya juyo a hankali, ya yi murmushin da ya jima yana ajiyewa.

"Rigar wa, Sarkin Bindiga? Rigar da ke jikinka yanzu ta wa ce? Gidan da kake kwana fa? Dokin da kake hawa? Al'ada ta ce ɗa. Bawa ba shi da riga, shi da rigar duk na Sarki ne. Kayan Sarki ka ɗauka ka bayar ba da izinin Sarki ba. In da wani ƙaramin bawa ne ya yi, da wani suna za mu kira abin."

Dangana ya ji jini ya hau masa ka. Ya yi yaƙi a gaban mutumin nan, ya taɓa ɗauko shi a kafaɗa da kibiya a cinya. Amma Galadima bai yi ƙarya ba.

Sarki ya dubi baƙon. "Kai Banasare ne?"

"Ni mai bin Annabi Isa ne, ranka ya daɗe." Hausar Barnaba ta tsufa a bakinsa, yana jawo kalmomin kamar daga rijiya mai zurfi. Ya buɗe wuyan rigar ya nuna wani tabo a ƙirji, tambarin ƙarfe mai zafi. "Galadima ya faɗi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Wanda ya ɗora mini wannan Banasare ne, gicciyen wuyansa ma ya fi nawa kyau. Limaminsu ya bi mu yana yayyafa mana ruwa kafin a tura mu cikin jirgi. Waɗanda suka tare jirgin a tsakiyar teku, suka fasa marin ƙarfen da ke ƙafafunmu, suka sauke mu a ƙasar Saliyo muna 'ya'ya, su ma Nasara ne. Amma Galadima ya tsallake farkon hanyar. Mutumin da ya ja ni daga kasuwa zuwa kudu ba ya wasa da salla. Rana na karkatawa sai ya ɗaure mu a gindin itace, ya yi alwala, ya yi azahar ɗinsa cikin natsuwa, ya shafa addu'a, ya kwance mu mu ci gaba. Na ga igiya a hannun mai carbi, na gan ta a hannun mai gicciye. Saƙarta ɗaya ce, ranka ya daɗe, zafinta ma ɗaya. Shi ya sa inda duk na gan ta nake kwancewa."

"Ka ji bakinsa, Zaki!" in ji Galadima. "A fadarka yake zagin salla!"

"Bai zagi salla ba, Galadima. Mai sallar ya zaga, ni ma kuma na taya shi."

Liman Ƙasimu ne ya yi maganar. Tsoho ne ƙanƙane, sanye da koriyar rigar nan tasa da yake hawa mumbari da ita, wadda babu yaro babu babba a Kwargaba da bai san ta ba. Ya dogara sanda ya miƙe.

"Allah ya taimaki Sarki. Addinin da na karanta a gaban malamaina ya sa 'yanta wuya cikin manyan ayyukan lada, ya ce a riƙe amana ko ta wanda ba ya salla ce. Ban ga inda ya ce a cika igiya a aika wa azzalumi don a kwana lafiya ba. Na faɗa a zauren nan bara, na faɗa bara waccan, a igiyar da muke aikawa akwai masu kalmar shahada, akwai waɗanda ba su yi mana laifin komai ba. Kadan da ya kwanta a ƙofa kuwa, ni ma na je na gani. Bakinsa hayi yake kallo, ba gari ba." Ya sauke murya. "Sai dai abu ɗaya Galadima ya kama, kuma ba zan murɗe shi ba. Al'ada ta ce ɗa."

A nan ne Dangana ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka naɗa shi. Ya bar bayan karaga, ya zagayo gabanta, ya durƙusa inda talakawa ke durƙusawa.

"Zaki, ranar da aka kashe dokinka a yaƙin Tudun Ƙaya na tsaya a kanka har aka kawo wani, ka ce in roƙi abin da nake so. Na ce a ajiye mini. Yau na zo karɓa. Ka 'yanta ni."

Sarki Mazadu ya sunkuyo, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar su biyu ne a ɗakin.

"Dangana, ka san abin da kake roƙo? Sarautar bindiga ta bawa ce. Ba a ba ɗa bindigogin fada, domin ɗa yana da dangi, yana da ido a kan karaga. In na 'yanta ka, ka sauka. Rawani, takobi, gida, gonaki, duk su dawo taska. Ga runduna a hayi. Yau za ka bar ni?"

"Ba zan bar ka ba, Zaki. Zan yi maka yaƙi da ƙafa, da mashin aro. Amma an taɓa jan yaron nan a gabana ina kallo, hannuna a ɗaure. Yau hannuna ba a ɗaure yake ba."

Sarki ya dube shi. Sa'an nan ya miƙe zaune, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Liman, ka shaida. Fadawa, ku shaida. Na 'yanta Dangana saboda Allah. Daga yau ɗa ne kamar kowane ɗa a Kwargaba."

Dangana ya warware rawani ya ajiye. Ya ajiye takobi. Ya tuɓe riga, ya tuɓe takalmi. Da ya kai hannu ga mazagin wando, Sarki ya ce, "Bar wannan, sadaka ne," wasu suka yi dariyar da ba su shirya ba. Barnaba ma ya tuɓe rigar da ke jikinsa da hannunsa, ya ninke, ya ɗora a kan sauran. 'Yan'uwan biyu suka tsaya gaban karaga kafaɗa a waje, tsaga iri ɗaya, ɗaya da tabon kibiya, ɗaya da tabon ƙarfe.

Galadima ya tafa hannu. "Madalla! Ga ɗa mun gani. To ina riga?"

Sai a lokacin Dangana ya gane ramin da ya faɗa. Ya zama ɗa, amma ko zare ba shi da shi a duniya. Ya dubi fadawan da suka sha cin tuwo a gidansa. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Liman Ƙasimu ya jingine sandarsa. Ya kama koriyar rigar ta wuya, ya yi ta fama da ita har ta fita, ya rage daga shi sai 'yar shara, ƙasusuwan kafaɗarsa a fili.

"Dangana, ungo. Kyauta ce, ba aro ba. Taka ce halak malak, ka yi abin da ka ga dama da ita."

Dangana ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ya zura wa ƙanensa ita, ya gyara masa kafaɗa.

"Baƙona ne," in ji shi, muryarsa ta cika zauren. "Ni Dangana, ɗa, na sa masa rigata."

Da aka shigo da Jakada Gwadabe, Sarki ya nuna masa igiyarsa da ƙafa. "Ɗauki kayanka. Ka ce da ubangijinka Kwargaba ba ta miƙa baƙon riga."

Aka naɗa Nagode, mataimakin Dangana, sabon Sarkin Bindiga, rawanin yana yi masa nauyi kamar tulu. Jagorancin runduna kuwa ya faɗa hannun Galadima, don shi ne babba. Da gari ya waye aka buga gangar yaƙi. Dangana ya ari mashi da wata tsohuwar taguwa wurin wani maƙeri, ya biya gidan Liman inda aka sauki Barnaba, domin baƙon riga ba ya fita yaƙi.

"Yaya Nomau," in ji Barnaba, "ka zubar da sarauta ka ɗauki tsoho mai furfura. Wa ya koya maka ciniki?"

"Rufe mini baki. Tun kana tsirara kake jawo mini duka."

"Zan yi maka addu'a."

"Yi taka in yi tawa. Kuma kome za a yi, kada ka tuɓe rigar nan."

Rundunar Kwargaba ta jeru a bakin gulbi, 'yan bindiga a gaba, 'yan baka a gefe, manoma da masu da gatura a baya. A cikin waɗannan na baya Dangana ya tsaya. Sarki yana bisa ganuwa ƙarƙashin laima, Liman a gefensa. A hayi kuwa Dargazu ta cika gaɓa, dawaki da tutoci har inda ido ya tsaya. Ruwa ja yana gudu a tsakani.

Hantsi ya yi, ba umarni. Rana ta take, ba umarni. Galadima yana bisa doki yana kai da kawowa, ko da yaushe idonsa na can ƙasa wajen da kyauro ya rufe gaɓa. Dangana ya lura da wannan kallon, zuciyarsa ta fara ba shi labarin da ba ya so.

Can sai Galadima ya ɗaga hannu. "Jama'ar Kwargaba, ku sauke makamai! An yi sulhu! Dargazu za ta janye ba tare da an zubar da jini ba!"

Mutane suka dubi juna. Sulhu da me? Kafin wani ya tambaya, wani manomi kusa da Dangana ya nuna hayi da bakin gatari.

"Kai, wancan ba rigar Liman ba ce?"

Wani kwalekwale ne ya fito daga cikin kyauro ya tsaya a gaɓar Dargazu. Barorin Galadima ne a ciki. Sun bari sai da gari ya fita bakin gulbi, suka shiga gidan Liman suka ɗauke Barnaba, suka fitar da shi ta ƙaramar ƙofar masunta. Ubangidansu ya umarce su su tuɓe masa rigar su jefa a ruwa, don a ce baƙo ya gudu da kansa. Amma 'yan Kwargaba ne, a garin aka haife su. Wannan ya ce wancan ya cire, wancan ya ɓoye hannu a hammata. Suka roƙi Barnaba ya tuɓe da kansa, har da durƙusawa, ya ce yayansa ya hana. Haka suka miƙa shi da rigar a jikinsa.

Mutanen Dargazu kuwa ba su san abin da riga take nufi ba. Jakada Gwadabe ya zarga wa Barnaba gajerar igiyar a kan koren wuyan rigar, ya ɗaura bakinta a sirdinsa, ya shiga jan sa a bakin gaɓa, sama da ƙasa, don Kwargaba ta gani da kyau.

Ta kuwa gani. Maganar ta bi sahu kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Rigar Liman! Baƙon riga a igiya! Tsofaffin da suka fito da sanduna suka fara kuka don fushi. Tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin wannan ba.

Dangana ya ratsa sahu har gaban 'yan bindiga. Duk yaransa ne, shi ya koya musu ɗura albarushi.

"Koma bayanka, kai talaka!" Galadima ya daka masa tsawa. "Nagode, duk wanda ya taka ruwan nan ka harbe shi!"

Dangana bai ko dube shi ba. "'Yan'uwana," in ji shi, "ba ni da rawani, ba ni da ikon ce muku ku tashi ko ku zauna. Rigata ce a igiya, ƙanena ne a cikinta. Ni zan haye."

Ya ɗaga mashi bisa kai ya faɗa ruwa. Ya san gulbin nan kamar tsakar gidansa, ya san inda yashi ya yi gada a ƙarƙashi, daga gindin ɗorawa zuwa farin dutse. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji.

Nagode ya dubi Galadima, ya sa hannu a kunne. "Ranka ya daɗe, me ka ce? Ƙarar ruwa ta hana ni ji." Ya juya ga yaransa. "Goran albarushi a ka! Bindiga a sama! Ku bi sawun Baba!"

A bisa ganuwa Sarki Mazadu ya fizge gula daga hannun makaɗi ya doki tambari da kansa. Da jin wannan, Kwargaba gaba ɗaya ta zuba cikin gulbi, har masu gatura, har tsofaffin nan masu sanduna.

Dargazu ba ta zaci haka ba, an riga an gaya mata an gama ciniki. Rabin mayaƙanta sun kwance sirdi, wasu suna dafa abinci. Barade suka hau a gaggauce suka yo kan gaɓa don su tare mashigi, dawaki suka nutse cikin laka har gwiwa. A nan 'yan bindiga suka same su. Sahun farko ya durƙusa a kan yashi ya saki wuta, na biyu ya wuce ta kansu ya saki tasa, kamar yadda Dangana ya hore su. Hayaƙi ya rufe gaɓa. Doki ya faɗa kan doki. Kafin Dargazu ta gyara tsayuwa, manoma sun fito daga ruwa da gatura suna kiran sunan garinsu.

Dangana bai tsaya wa kowa ba. Kore kawai yake nema a cikin hayaƙi. Ya hango shi can, Gwadabe ya zaburi doki zai tsere, igiya ta miƙe, Barnaba yana gudu a baya yana tuntuɓe. In ya faɗi, wuyansa ya karye.

"Ranau!" ya ƙwala masa kira da sunan da uwarsu ta sa masa.

Barnaba ya ji. Mutumin da ya yi shekaru yana jan igiyar jiragen ruwa a Saliyo ya san abin da ake yi da igiya. Ya cafke ta da hannu biyu sama da wuyansa, ya yi tsalle gefe ya zagaya kututturen wata giginya da ita, ya tokare da ƙafa. Igiya ta yi ƙara, majanyin sirdi ya tsinke, Jakada Gwadabe da sirdinsa suka zo ƙasa tim, doki ya wuce shi kaɗai. Kafin ya tashi, tsinin mashin aro yana kan maƙogwaronsa.

"Kwance shi," in ji Dangana. "Da hannunka ka ɗaura, da hannunka za ka kwance. Ka kuma yi a hankali, kada ka taɓa rigar."

La'asar ba ta yi ba sai da rundunar Dargazu ta watse cikin daji, ta bar tutoci da tukwane a kan wuta. A bayan sansaninsu aka tarar da doguwar igiya. Ba su jira Kwargaba ba, sun riga sun fara cika ta da mutanen ƙauyukan da suka ratso, maza da mata, wasu da carbi a wuya, wasu da layun gargajiya, duk sun yi zuru-zuru.

Sarki Mazadu ya haye a jirgi, aka shimfiɗa masa buzu a gindin giginyar nan. Aka kawo Galadima Tunau, aka kawo barorinsa. Tun ba a tambaye su ba suka zube suka faɗi komai, har da alkawarin da Dargazu ta yi wa ubangidansu na karagar Kwargaba.

"Don me ba ku tuɓe masa rigar ba?" in ji Sarki.

Babbansu ya ɗaga hannuwansa. "Zaki, da su nake ci."

Sarki ya sa aka warware rawanin Galadima a gaban jama'a. Wasu suka ce a sa shi a gajerar igiyar a aika wa Dargazu. Barnaba ya ce, "Ranka ya daɗe, na san nauyinta. Ko shi ban so masa ba." Aka ba Tunau gora da sanda, aka nuna masa hanyar da ba ta komawa Kwargaba.

Sa'an nan Sarki ya kira Dangana.

"Duk yaƙin da ka yi mini a baya, ba ka da rabo a ganima, don bawa ba ya da rabo. Yau ɗa ne ya fara taka ruwa. Zaɓi naka kafin kowa."

Dangana ya dubi dawaki, ya dubi takubba da sulke da aka tara. Ya nuna doguwar igiya. "Waccan, da duk wanda ke cikinta."

"Taka ce."

Ya ari wuƙa wurin Nagode ya kama daga wannan baki. Barnaba ya kama daga wancan da yatsunsa, don ya fi wuƙa sauri. Liman Ƙasimu, da 'yar shararsa, ya shiga tsakiya yana kwancewa yana faɗa wa kowane ɗaya, "Tafi, kai ɗa ne, wanda ya mallake ka ya 'yanta ka." Da suka haɗu a tsakiya, tsohon ya dubi rigar da ke jikin Barnaba, ta sha laka, hannu ɗaya ya yage.

"Kai baƙo, haka ake riƙon kaya? Da me mai gidanka zai fita kunya ranar Juma'a?"

"Allah gafarta Malam, zan wanke in ɗinke. Amma tuɓewa kam sai Yaya ya ce."

Sarki ya yi dariya har laima ta girgiza. Ya ɗauki rawanin da aka warware daga kan Tunau ya riƙe shi a sama.

"Sarautar bindiga ta bawa ce, ta wuce ka, Dangana. Wannan kuwa ta 'ya'ya ce. Matso."

Aka buga tambari a gaɓar da Dargazu ta kwana. Mutumin da ya fito da safe da mashin aro ya haye gulbi da yamma yana Galadiman Kwargaba, ƙanensa a gefensa cikin koriyar riga, mutanen da aka kwance suna biye da su a jirage.

Jakada Gwadabe kuwa ba a taɓa lafiyarsa ba. Aka sallame shi ya koma wa ubangijinsa a ƙasa, ba doki ba takalmi, da igiya biyu a kafaɗa, doguwa da gajera, ba kowa a cikinsu.